Farfaɗiya: Ɓoyon da Muke Yi Ya Fi Ciwon Cutar da Gidajenmu

Wata ranar Alhamis da hantsi ina zaune a rumfar wata mai shayi a gefen kasuwar Gadarif da ke gabashin Sudan, sai wani saurayi ɗan kimanin shekara 16 da ya zo wucewa ya yanke jiki ya faɗi, taku biyu kacal tsakaninsa da murhun gawayi. Jikinsa ya sandare, daga nan ya shiga jijjiga, kumfa tana fita daga bakinsa. Mutanen da ke wurin sun haura ashirin, kuma kusan dukkansu baya suka ja. Wata mata ta fizge ɗanta tana gargaɗinsa kada ya taka yawun, wani dattijo yana kiran a kawo cokali a sa masa a baki, wani kuma yana cewa a bar shi da mutanensa su gama abin da suka zo yi. Mai shayin ce kaɗai ta janye murhun, ta naɗe mayafinta ta tura ƙarƙashin kansa.

Da na matsa kusa sai na gane fuskar. Ɗan maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu shekara tara, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa sanin yana da farfaɗiya ba. Da ya farfaɗo na sa shi a raksha, wato babur mai ƙafa uku, na kai shi gida. Mahaifiyarsa ba ta fara da tambayar ko ya ji rauni ba. Abin da ya fara fita daga bakinta shi ne: "Malam, don Allah ka rufa mana asiri, yana da ƙanne mata uku."

Wannan magana ce ta hana ni barci, kuma ita ce dalilin wannan rubutu. Ra'ayina shi ne, a cikin al'ummarmu ta Hausawan Sudan, daga Mayurno zuwa Gadarif da Kasala da Damazin, ɓoye farfaɗiya ya fi farfaɗiyar kanta illa ga iyali. Ciwon yana kayar da mutum ɗaya na minti biyu ko uku, amma ɓoyon yana ɗaure gida guda na shekaru, yana hana mara lafiya ganin likita, yana hana uwa samun mai kama mata, yana kuma koya wa sauran yaran gida cewa ɗan'uwansu abin kunya ne.

Abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofa

Daga baya na ji labarin dalla-dalla. Yaron yana ɗan shekara bakwai ya yi zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya kwana uku bai san wanda ke kansa ba, bayan ya tashi da 'yan watanni faɗuwar ta soma. Tun daga lokacin aka cire shi daga makarantar boko, sannan daga ta allo, aka hana shi zuwa gona lokacin yankan riɗi, aka hana shi fita wasa. An sha rubutu, an yi turare, an kai shi wurin malamai har a wasu garuruwa, an sayar da awaki biyu, amma ba a taɓa nuna shi ga likita ba, saboda asibiti wuri ne da ake haɗuwa da idon sani.

Nauyin wannan duka a kan uwa ya sauka, kuma haka yake a kusan kowane gida da na bincika daga baya. Ita ce ba ta barci mai nauyi, domin kunnenta yana kan gadonsa. Ita ce ta daina zuwa biki da suna da gaisuwar mutuwa, har dangi suka fara cewa ta yi girman kai, alhali tsoron barinsa shi kaɗai kusa da wuta ko randar ruwa ne ya zaunar da ita. Ta daina sana'ar suyar ƙosai da take yi a ƙofar gida saboda kaskon mai. Idan dole ta fita, babbar ƙanwarsa ce ke fashin makaranta ta zauna gadi, ta haka ciwon mutum ɗaya ya ci karatun mutum biyu.

A wasu gidajen abin ya fi haka muni, domin ana neman wanda za a ɗora wa laifi. Miji ya ce daga danginki ne, dangin miji su ce ta yi wanka da magariba tana da ciki, uwa ta ce kishiya ce ta yi jifa. Na san auren da ya mutu a kan wannan, kuma bayan sakin yaron yana hannun uwar ba tare da kuɗin magani ba. Da a ce tun farko wani ya zaunar da su ya yi musu bayanin cewa wahalar naƙuda, ko sanƙarau, ko zazzaɓin da ya hau ƙwaƙwalwa, ko bugun kai a haɗarin mota na iya barin tabo a ƙwaƙwalwa wanda shi ke haddasa faɗuwar, da ba su ɓata shekaru suna zargin juna ba.

Shi kansa mai ciwon fa, ba a cika tambayarsa ba. Saurayin nan ya faɗa mini cewa abin da ya fi yi masa ciwo shi ne kwanonsa da kofinsa da aka ware daban tun yana ƙarami, yana kallon ƙannensa suna cin asida a akushi ɗaya shi kuwa yana gefe.

"Ai aikin iska ne"

Wannan ita ce hujja ta farko da za a kawo mini, kuma ba zan yi mata dariya ba, domin masu faɗinta mutanen kirki ne masu imani. Mu Musulmi ne, mun yarda da samuwar aljanu, mun yarda da ruƙiyya. Sai dai manyan malaman Musulunci da kansu ba su ce kowace faɗuwa ta aljanu ce ba. Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, ya kasa farfaɗiya gida biyu, ya ce akwai wadda ke zuwa daga ruhohi, akwai kuma wadda ke zuwa daga lalurar jiki, wadda ita ce likitoci ke magana a kanta da maganinta. Idan haka ne, da wace hujja muke yanke hukunci tun ranar farko cewa ta ɗanmu ta iska ce, ba tare da mun bari an duba ɗaya ɓangaren ba?

Abin da likitoci suka gano shi ne, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar wani ƙaramin lantarki, idan saƙon ya rikice ya tashi gaba ɗaya a lokaci guda sai mutum ya faɗi. Akwai na'urar da ke auna wannan lantarki ta zana shi a takarda, abin da a nan ake kira rasam mukh. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 na iya daina faɗuwa gaba ɗaya idan aka gano ciwon aka ba su maganin da ya dace. Ciwon da ƙwayar magani ke iya tsayar da shi a har mutum bakwai cikin goma ya cancanci a gwada masa ƙwayar kafin a sayar da awaki.

Ban ce a daina addu'a ba, kuma babu likitan kirki da zai hana uwa ta tofa wa ɗanta Ayatul Kursiyyu. Abin da nake ƙi shi ne malamin da zai ce wa iyaye su ajiye maganin asibiti domin yana karya aikinsa. Tsayar da maganin farfaɗiya kwatsam na iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma bai taƙaita maganin ga rubutu da turare ba.

Akwai masu kawo hadisin baƙar matar nan da ta zo wa Annabi ta ce tana faɗuwa kuma tsiraicinta yana bayyana, ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna ko addu'ar waraka, ta zaɓi haƙuri, ta roƙi a yi mata addu'a kada ta riƙa yayewa. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Suna cewa ke nan haƙuri ya wadatar. Ni kuwa abin da nake gani a hadisin daban ne. Matar nan da ƙafarta ta zo, da bakinta ta faɗi ciwonta a gaban jama'a, ba a kulle ta a ɗaki ba. Kuma bayan shekaru Ibn Abbas yana nuna ta ga Aɗa'u bin Abi Rabah yana cewa ko in nuna maka mace 'yar Aljanna? Sahabbai nuna ta suke yi don girmamawa, mu kuwa ɓoye namu muke yi don kunya. Zaɓin haƙuri kuma nata ne, babba ce mai hankalin kanta ta zaɓa wa kanta. Uba ba shi da ikon zaɓa wa ɗan shekara bakwai zama da ciwon da ke da magani ya kira hakan haƙuri.

Yawun da ake gudu

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu, ko numfashi, ko kwano, ko tsallake mai ita. Uwayen da suka shekara goma suna goge kumfar da hannunsu ba su ɗauka ba, wannan kaɗai ya isa shaida ga mai lura. Amma wannan camfin shi ke sa a bar mutum ya ƙone a murhu ko ya nutse a kogi mutane suna tsaye. Mu da garuruwanmu da yawa ke bakin Shuɗin Nilu da Rahad, muke kamun kifi da noman bakin ruwa, muke ɗiban ruwa a hafir, wato tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama, haɗarin ruwa a wurinmu ba ƙarami ba ne.

Abin da ake so a yi kaɗan ne. A janye wuta da duk abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a sassauta wuyan rigarsa, idan jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe domin yawun ya zubo waje. Kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu yana cikin halin, kada a cusa masa cokali ko yatsa, domin ba ya haɗiye harshensa kamar yadda ake faɗa, cokalin kuwa haƙora yake karyawa. A duba agogo, idan ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, a garzaya asibiti. Maƙwabcin da aka ɓoye wa ciwon ba zai taɓa koyon waɗannan ba, kuma shi ne zai kasance a wurin ranar da uwar ba ta nan.

Maganar auren 'yan mata

Nan ne hujjar masu ɓoyo ta fi ƙarfi, kuma nan nake so in daɗe. Maƙwabciyata ba ta ƙirƙiri tsoronta ba. A cikinmu bincike kafin aure abu ne mai nauyi, ana tambayar asali, ana tambayar ko akwai kuturta, ko hauka, ko farfaɗiya a zuri'a, kuma kalma ɗaya daga wata tsohuwa a unguwa ta isa a mayar da kayan sa rana. Al'ummarmu a nan ƙarama ce kuma a sarƙe take, labarin da aka yi a Gadarif yau gobe yana Mayurno, jibi yana wurin dangi a Makka. Uwar da ke da 'yan mata uku tana da dalilin jin tsoro, kuma duk wanda ya ce mata kawai ta daina jin kunya bai san abin da take ɗauke da shi ba.

Duk da haka ina ganin lissafin nata bai fita ba. Farfaɗiyar da ba a yi wa magani ba ba ta ɓoyuwa har abada, ga shi ta tona kanta a tsakiyar kasuwa, a mafi munin yanayi, gaban mutanen da ba su san komai ba sai abin da idonsu ya gani. Da yaron yana shan magani tun yana ɗan shekara bakwai, akwai kyakkyawan zaton da yanzu ya shekara da shekaru bai faɗi ba, har ma likita ya fara tunanin rage masa maganin a hankali, kamar yadda ake yi wa wasu bayan shekara biyu ba faɗuwa. Ɓoyon da aka yi don kare 'yan matan shi ya raya ciwon har ya kai lokacin aurensu.

Sannan tsoron gado ya wuce gaskiyar lamarin. Akwai nau'o'in farfaɗiya da ake gada, kuma auren zumunci da muke yawan yi yana ƙara yiwuwar wasu cututtukan gado, ba zan musa ba. Amma wadda ta biyo bayan zazzaɓi ko sanƙarau ko rauni a kai, tabo ne a ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, ba ya bin jini zuwa 'ya'yan ƙanwarsa. Ko wanda yake da ciwon da kansa, mafi yawan 'ya'yan da zai haifa ba za su yi shi ba. Iyalin da suka je asibiti suna da amsar da za su ba masu bincike, za su ce ga dalili, ga takarda, ga magani. Iyalin da suka ɓoye ba su da komai sai shiru, kuma shiru shi ke ba jita-jita wurin zama.

Idan kuwa mai ciwon ce da kanta za a aurar, to ɓoyon ya tashi daga kuskure ya koma zalunci, kuma ita ake zalunta kafin mijin. Na ji labarin amaryar da aka kai ɗaki aka gargaɗe ta kada miji ya ga ƙwayoyinta, ta riƙa sha a ɓoye, wata rana ta sha wata rana ta tsallake, har ta faɗi a madafi ta ƙone hannu, aka mayar da ita gida da takarda da sunan an yaudari ango. Annabi ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Bayan haka akwai batun ciki, wanda ba a wasa da shi. Maganin nan da aka fi sani da Depakine yana iya cutar da ɗan tayi, don haka mace mai shansa tana buƙatar likita ya sake duba maganinta tun kafin ta ɗauki ciki, ba ta tsayar da shi da kanta ba. Matar da mijinta bai san tana da ciwon ba, ta yaya za ta je wannan ganin likita?

Wasu manema za su gudu idan aka faɗa musu, wannan gaskiya ne. Amma wanda zai gudu ranar tambaya zai gudu ranar da ta faɗi a gidansa, kuma gara ya gudu tun babu yara a tsakani.

"Ina maganin yake a wannan hali?"

Wannan ƙorafi ne na gaskiya. Tun ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilu, 2023, asibitocin Khartum inda mafi yawan likitocin ƙwaƙwalwa suke suka tarwatse, a Disamban shekarar Wad Madani ta bi baya, a tsakiyar 2024 kuma mutanen Sinja da Dindir da kewayensu suka kwararo Gadarif da abin da hannunsu ya iya ɗauka. Cikinsu akwai waɗanda suka shekara suna shan magungunan farfaɗiya irin su Tegretol ko finobabiton lafiya lau, hijira ta yanke musu magani, faɗuwar ta dawo musu a makarantun da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira, ga rashin barci, ga yunwa, ga fargaba, waɗanda dukkansu suna tayar da ciwon. Kuɗin magani ya hau, wani lokaci ma a zaga kantuna biyar ba a samu ba.

Sai dai wannan hali shi ya fi nuna illar ɓoyo. Tsofaffin magungunan farfaɗiya suna cikin mafi arha a duniya, finobabiton tun 1912 ake amfani da shi, kuma ba sai babban likitan ƙwaƙwalwa ne kaɗai zai iya fara duba mai ciwon ba, likitan ƙaramin asibiti da ya samu horo zai iya. Mu mutane ne masu taimakon juna, muna tara kuɗin biki da na makoki, muna adashi, danginmu na Jidda da Makka suna aiko da maganin hawan jini da na sukari ta hannun masu dawowa daga umara ta Bur Sudan. Ba a taɓa jin wanda ya ji nauyin cewa a aiko wa tsohuwarsa maganin sukari ba. Maganin farfaɗiya kaɗai ne ba ya shiga jakar, domin babu wanda ya yarda ya furta sunansa a waya.

A nan nake ganin limamanmu da masu unguwanninmu suna da aikin da babu mai iya yi sai su. Huɗuba ɗaya da Hausa a kan hadisin matar nan, tare da bayanin abin da ake yi idan mutum ya faɗi, za ta isa inda takardar asibiti ba ta isa. Haka ma batun azumi, wanda iyalai da yawa ke shan wahala a kansa a ɓoye. Saurayi yana jin kunyar a gan shi yana shan ƙwaya da rana, sai ya tsallake, ga kuma ƙarancin barcin Ramadan, sai ya faɗi a sahun tarawihi. Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, wasu kuma likita na iya daidaita musu lokutan sha tsakanin buɗa-baki da sahur, amma dole sai an tambaya, kuma ba a tambaya a kan abin da ake ɓoyewa. Malaman makaranta su ma, ina cikinsu, mu daina mayar da yaro gida don ya faɗi sau ɗaya a aji. Abin da ya kamata a nisanta shi da shi sananne ne: iyo shi kaɗai, hawa sama, zama dab da wuta, da tuƙin raksha ko babur kafin likita ya amince. Karatu da kasuwanci da limanci ba sa cikin jerin.

Ni ma ina da nawa laifin. Shekara tara ina ganin yaro ba ya fita makaranta tare da sa'o'insa, ban taɓa tsayar da mahaifinsa na ce Alhaji, lafiya kuwa yaron nan yake zaune a gida ba. Na ɗauka kawaici ne.

Bayan abin da ya faru a kasuwa na zauna da mahaifin sau uku kafin ya amince. A zama na uku ya ce mini: "Malam, tunda kasuwa ta gani, me ya rage?" Muka kai yaron asibiti, likita ya saurari labarin zazzaɓin, ya rubuta magani sau biyu a rana, ya ba uwar littafi ta riƙa rubuta ranar da ya faɗi da tsawon lokacin. Wata biyar ke nan, sau ɗaya ya faɗi, a makon da maganin ya yanke kafin wani kawunsa ya aiko daga Jidda. Yanzu yana zuwa makarantar dare, yana cin abinci a akushi ɗaya da ƙannensa, uwar kuma ta mayar da kaskonta ƙofar gida. Masu neman babbar ƙanwar sun ji labari sun ɗan ja jiki, mahaifin ya aika musu cewa su zo da wanda suka yarda da shi a je wurin likitan tare, su yi duk tambayar da suke so. Har ranar da nake wannan rubutu ba su ba da amsa ba.